Darasin Wannan Wata: Inda Ba a Cire Haraji a Albashi, Wa Ke Biyan Asibiti?

 

Darasin wannan wata ya taso ne daga wata gardama da ta ƙi ƙarewa a gidajenmu. Yaro ya samu hanya biyu, ɗaya Saudiyya, ɗaya Ingila ko Jamus. Ko kuwa yana da ɗan aikinsa a gida, yana tunanin ya ajiye ya tafi. Sai a tara dangi a zauna shawara. Ba a jimawa kawu zai ce: "Ku bar shi ya tafi Riyad, can ba a cire ko kwabo a albashi." Gwaggo ta amsa: "Ai Turai asibiti kyauta ne." Kowannensu ya faɗi gaskiya, sai dai bai faɗe ta duka ba. Kuma a kan abin da ba a faɗa ɗin nan ne ake sayar da fili, a ci bashin kuɗin jirgi, bayan shekara goma mutum ya dawo da ciwon ƙoda da jaka ɗaya. Saboda haka mu zauna mu yi lissafin a tsanake, kamar yadda ɗan kasuwa ke yi kafin ya ɗaure kaya.

Mu fara daga Ulaya

Duk wanda yake da ɗa a Riyad ya taɓa ganin hoton Ulaya, ko da bai san sunanta ba. Ita ce unguwar da dogayen benayen nan biyu suke: Faisaliyya mai tsini da ƙwallo a kusa da ƙolinta, wadda aka buɗe a 2000, da Mamlaka mai ɓuli a sama kamar mabuɗin kwalba, mai tsawon mita 302, wadda aka gama a 2002. A gabansu yaranmu ke tsayawa su ɗauki hoto ranar sallah su turo gida. A wannan unguwa bankuna da kamfanoni da otal-otal da manyan asibitocin kuɗi suke, kuma a nan 'ya'yanmu da yawa ke aiki, wani direba, wani mai gadi, wani mai goge-goge, 'yan kaɗan kuma injiniyoyi da malaman jinya. Galibinsu ba a nan suke kwana ba. In an tashi aiki sai su gangara kudu wajen Batha da Manfuha, ko motar kamfani ta kwashe su zuwa masauki a bayan gari. Tun watan Disamba na 2024 jirgin ƙasa na cikin birni yake haɗa Ulaya da Batha, inda ake zuwa aika kuɗi gida. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma hoton Ulaya ba ya nuna wa uwa irin katin asibitin da ke aljihun ɗanta.

Gaskiya ne Saudiyya ba ta karɓar haraji a kan albashin ma'aikaci, ɗan ƙasa ne ko baƙo. In an rubuta riyal 3,000 a kwantiragi, gwamnati ba ta taɓa ko riyal ɗaya a ciki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka samu mai a Dammam a 1938, kuɗin mai ke ɗaukar nauyin gwamnati. Da farashin mai ya faɗi a 2014, sai hukuma ta fara neman wasu ƙofofin. A watan Afrilu na 2016 aka fito da shirin nan na 2030, daga nan kuma kuɗaɗe suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an kira ko ɗaya daga cikinsu harajin albashi ba.

A ranar 1 ga Janairu 2018 aka sa harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kaya da hidima, kashi 5 cikin 100. A ranar 1 ga Yuli 2020, tsakiyar annobar korona, aka ninka shi uku, ya koma kashi 15. Najeriya kashi 7.5 take karɓa, Nijar da Jamus 19, Ingila 20. Wato wanda ya sayi waya ko takalmi a Batha yana biyan haraji ninki biyu na wanda ya saya a Kantin Kwari. Kuɗin hayar gidan kwana ba ya ciki. Akwai kuma wani bambanci da ba kowa ya sani ba: in ɗan ƙasa ya je asibitin kuɗi, gwamnati ce ke ɗaukar masa wannan harajin, baƙo kuwa a kansa yake sauka.

Wanda ya fi taɓa gidajenmu shi ne kuɗin iyali. Daga Yuli 2017 duk baƙon da ya ajiye mata ko 'ya'ya a ƙarƙashin iƙamarsa yana biyan riyal 100 a wata a kan kowane mutum ɗaya. A 2018 ya koma 200, a 2019 ya koma 300, daga Yuli 2020 ya tsaya a 400. A ɗauko takarda a buga. Mutum mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, kai huɗu ke nan, riyal 1,600 a wata, riyal 19,200 a shekara. In albashinsa riyal 8,000 ne, kashi 20 cikin 100 ya tafi. In kuwa babban ma'aikaci ne a ɗaya daga benayen Ulaya, mai ɗaukar riyal 40,000, kuɗin dai 1,600 ne, wato kashi 4 kacal. Dattawan da suka taso a Arewa za su gane irin wannan, don shi ne tsarin harajin da, wanda ake ƙirga kawuna ba a duba aljihu, irin wanda mutanen Gana ke kira lampo. Shi ne da jangali Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke da hawansu mulki a 1979. Harajin albashi kuwa, duk da ƙinsa da ake yi, yana da adalci ɗaya: mai ƙaramin samu kaɗan yake biya, wani ma ba ya biya.

Wannan kuɗin ne ya sa baƙi da yawa suka mayar da iyalansu gida bayan 2017, suka zauna su kaɗai. Abin da zaman miji a wata ƙasa da mata a wata ke jawowa, iyayenmu mata sun fi kowa sani, ba sai an rubuta ba.

Akwai kuma kuɗin da kamfani ke biya a kan kowane baƙo da ya ɗauka, wanda ya kai riyal 700 ko 800 a wata daga 2020. Ba a takardar albashin yaro yake fitowa ba, amma mai kamfani ya riga ya sa shi a lissafi kafin ya yanka albashin. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, a sashe na 40 na dokar ƙwadagon ƙasar, kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama da na lasisin aiki da sabunta su da tikitin komawa gida in aiki ya ƙare, duk a wuyan mai aiki suke. Haka ɗaukar gawa zuwa gida in ajali ya zo, sai fa in dangi sun yarda a binne a can. Wanda aka ce ya riƙa biyan kuɗin iƙamarsa daga albashinsa, an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Masu yin abin da ake kira biza ta 'yanci, wato a sayi biza a hannun kafili a fita neman aiki a waje ana ba shi wani abu duk wata, su ke biyan waɗannan duka da kansu, kuma doka ba ta tare da su.

Katin asibiti

Ɗan ƙasar Saudiyya yana shiga asibitin gwamnati a duba shi kyauta. A cikin 'yan ƙasa akwai jininmu, zuriyar mahajjatan da suka bi ta Cadi da Sudan da ƙafa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Makka da Madina da Jidda. Sunan Hausawi da ake gani a bayan rigunan 'yan ƙwallonsu daga nan ya fito. Wanda kakansa ya samu takardar ɗan ƙasa, shi da sauran Larabawa ɗaya ne a gaban likita. Wanda aka haifa a can amma ba takarda, labarinsa daban ne.

Baƙo mai aiki a kamfani, hanyarsa inshora ce. An kafa dokar inshorar lafiya ta taimakon juna a 1999, aka riƙa ɗora ta a kan kamfanoni daki-daki, har ta game. Dole mai aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshora, da matarsa, da 'ya'yansa maza har shekara 25, da 'ya'ya mata marasa aure da ba sa aiki. Ba a bayar da iƙama ko a sabunta ta sai da inshora. Wannan tsari ne mai kyau, kuma wanda ya samu kamfani na kirki yakan ga likita cikin kwana ɗaya, abin da mutumin Landan zai yi makonni yana jira.

Sai dai kati suna ya tara. Akwai na manya, akwai A da B da C, kuma kowane aji yana da jerin asibitocin da yake shiga. Mai gadin da ke tsaye a ƙofar bene a Ulaya, yana iya kasancewa asibitin da ke tsallaken titi ba ya cikin jerinsa, sai ya nemi ƙaramin asibiti a wata unguwa. A duba marasa kwanciya yawanci akan ce mutum ya biya wani kaso, har zuwa kashi 20 cikin 100, amma da iyakar da ba a wucewa. Akwai kuma iyakar abin da inshora za ta kashe a kan mutum a shekara. Wasu masu aikin sukan sayi mafi arha don kawai iƙama ta fita. Kowa zai iya duba tasa da lambar iƙama a shafin Majalisar Inshorar Lafiya, ya ga sunan kamfanin da ajin da ranar ƙarewa. Yaro ya duba yana da lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar 997 ta motar asibiti ce, 937 kuma ta ma'aikatar lafiya ce don neman shawarar likita.

'Yan aikin gida, wato direban gida da mai aikatau, dokarsu daban ce da ta ma'aikatan kamfani. Sassaucin da aka yi a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki da fita ƙasa ba sai da sa hannun kafili ba, bai haɗa da su ba. Daga Yuli 2024 aka wajabta inshorar lafiya a kan gidan da ke da 'yan aiki fiye da huɗu. Sauran suna zuwa cibiyoyin gwamnati, amma yarinyar da ke cikin gida sai an kai ta take zuwa. Iyayen da ake zo wa da maganar aikatau su sa wannan a ma'auni.

Wanda ya wuce wa'adin bizarsa, ko ya gudu daga kafili, ba shi da kati ko kaɗan. A ƙarshen Maris 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da marasa takarda, ba tare da an kama su ba. An yaba masa, kuma ya cancanta. Amma umarni ne a kan cuta ɗaya. Mai hawan jini da mai ciwon suga da mai juna biyu da ba su da iƙama, da kuɗin hannu suke neman magani, kuma da tsoro.

Yanzu ga wurin da nake so iyayenmu su fi tsayawa. Inshorar nan a jikin aiki take ɗaure, aiki kuma a jikin lafiya. Ranar da ciwo ya hana mutum aiki, kwantiragi ya ƙare, aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, kwana 60 gare shi ya bar ƙasar. Kati ya mutu a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Fansho kuma babu. Hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar kashi 2 cikin 100 kawai take karɓa a kan baƙo, daga hannun mai aiki, kuma na haɗarin wurin aiki ne. Abin da baƙo ke fita da shi shi ne kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, albashin wata cikakke a kan kowace shekara bayan nan. Mai riyal 3,000 da ya yi shekara 12 zai samu 7,500 da 21,000, jimla riyal 28,500. Tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya, kuma haka yake tun 1986, dala 7,600 ke nan. In shi ya ajiye aikin da kansa kafin ya cika shekara 10, ba duka za a ba shi ba: sulusi in ya yi tsakanin shekara 2 da 5, kashi biyu cikin uku in ya yi tsakanin 5 da 10. Ɗan aikin gida kuwa albashin wata ɗaya ne a kan kowace shekara huɗu. Duk wanda ya taɓa yin jinyar mai wankin ƙoda ya san tsawon lokacin da dala 7,600 za ta yi.

Ingila, Jamus, Amurka

A Ingila fam 12,570 na farko a shekara ba haraji. Daga nan zuwa 50,270 kashi 20 ne, sama da haka 40, ƙoli 45. Ga kuma kashi 8 na inshorar ƙasa. Mai ɗaukar fam 30,000 zai biya 3,486 na haraji da kusan 1,394 na inshorar ƙasa, wajen kashi 16 cikin 100 na albashinsa. Abin da ake ba shi a madadin haka shi ne NHS, wadda aka kafa ranar 5 ga Yuli 1948: ganin likita da tiyata da haihuwa da wankin ƙoda ba a miƙa masa takardar kuɗi, ko yana aiki ko aikin ya tafi. Matsalarta layi ne, ana iya wata da watanni ana jiran aikin da ba na gaggawa ba.

Abin da gwaggo ba ta faɗa ba shi ne baƙo sau biyu yake biya. Tun 2015 akwai kuɗin lafiya da ake karɓa tare da biza. Da fam 200 ya fara, daga Fabrairu 2024 ya koma 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro da ɗalibi. Mai mata da 'ya'ya uku fam 4,398 zai biya na shekara ɗaya, kuma na dukan shekarun bizar ake karɓa a dunƙule tun kafin a hau jirgi. Masu bizar aikin lafiya an ɗauke musu. Bambancinsa da kuɗin iyalin Saudiyya shi ne yana da ƙarshe: ranar da mutum ya samu takardar zama na dindindin, ya daina biya.

Jamus, inda mutanenmu suke da yawa a Hambug, ta fi kowa tsufa a wannan harka, don tun 1883 zamanin Bismarck take da inshorar lafiyar ma'aikata. Ana cire kashi 14.6 cikin 100 da ɗan ƙari, a raba biyu tsakanin ma'aikaci da mai aiki. Harajin albashi yana farawa daga kashi 14 ya hau zuwa 42, manyan masu kuɗi 45. In aka haɗa da na fansho da na rashin aiki da na jinyar tsufa, takardar albashin farko takan sa sabon zuwa ya riƙe baki. Amma matar da ba ta aiki da 'ya'ya duka suna shiga inshorar maigida ba ƙarin ko sisi, kwanciya asibiti yuro 10 ne a rana zuwa kwana 28 a shekara, kuma mai cikakkiyar takarda gwamnati na ba shi kuɗin yara, yuro 255 a wata kan kowane yaro a 2025. A ajiye su kusa da juna a duba: a Riyad uba ke biyan 400 a kan kowane yaro, a Hambug kuwa a 2025 shi aka riƙa ba 255.

Amurka ba za mu daɗe a kanta ba. Harajin tarayya daga kashi 10 zuwa 37, ga kashi 7.65 na fansho da lafiyar tsufa, ga na jiha, wanda ke Bronx ma har da na birni. Duk da haka babu asibitin kowa da kowa. Yawanci inshora ta wurin aiki take zuwa, kamar dai Saudiyya, kuma ko da ita akwai kuɗin da sai ka fara biya kafin ta karɓa. Dokar 1986 ta hana sashen gaggawa korar mara lafiya, amma ba ta hana a aiko masa da takardar bashi ba. Birnin New York ya buɗe shirin NYC Care a 2019, daga Bronx aka fara, don waɗanda ba su da inshora, kuma ba a tambayar takardar zama. Daga Janairu 2026 kuma akwai harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka aika waje da tsabar kuɗi.

Gida

A teburin harajin Gana na 2024, sidi 490 na farko a wata ba haraji, sannan a hau daga kashi 5 har zuwa 35. Mai albashin sidi 3,000 za a cire masa 165 na SSNIT, wato kashi 5.5, sai kusan 387 na haraji, ya tafi gida da wajen 2,448. Kashi 18 cikin 100 ke nan, ya ma ɗara na mai fam 30,000 a Ingila. Wannan yakan ba mutane mamaki.

Dattawa suna tuna zamanin da sai an ajiye kuɗi kafin likita ya taɓa mara lafiya. A 2003, zamanin Shugaba Kufuor, aka kafa NHIS don kawar da wannan, aka sake dokar a 2012. Kuɗinta yana fitowa ne daga kashi 2.5 da ake ɗorawa a kan kaya da hidima, da wani kashi 2.5 daga kuɗin SSNIT. Ma'ana, Hajiya mai sayar da waake a Nima ko Aboabo, wadda ba ta taɓa ganin takardar albashi ba, tana zuba kuɗi a NHIS duk ranar da ta sayi kayan kanti ko katin waya. In ba ta da kati mai rai, ta biya wa wasu ke nan ita ba ta ci ba. Yara 'yan ƙasa da 18, da tsofaffi daga 70, da masu juna biyu tun 2008, da matalautan da aka tantance, ba sa biyan kuɗin shekara. Ba a ce komai yana ciki ba. Akwai manyan ayyuka da magunguna da ba ta ɗauka, kuma in an yi jinkirin biyan asibitoci sukan ce a cika wani abu. Amma zazzaɓin cizon sauro da haihuwa da hawan jini da ciwon suga da yawancin abin da ke kai mu Maamobi ko Komfo Anokye suna ciki.

Najeriya ta sa hannu a sabuwar dokar haraji a Yuni 2025, mai aiki daga Janairu 2026: naira 800,000 na farko a shekara ba haraji, na gaba kashi 15, ƙoli 25. Mai naira 150,000 a wata ba zai wuce 12,500 ba, kafin ma a cire masa rangwamen fansho da haya. Harajin da sauƙi, asibitin ne da nauyi. Duk da dokar 2022 da ta ce inshorar lafiya dole ce, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar daga aljihun mutane yake fita. A Abuja ne a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, mai masaukin ba ta taɓa cikawa ba. Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wanda iyayensa ke can ya bincika. Nijar kuwa tun 2006 ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a Satumba 2024 kuma ta rage kuɗin asibitocin gwamnati.

Tambayoyi biyu sukan taso a wajen karatu, bari mu taɓa su a gurguje. Ta farko, ko inshora ta halatta. Majalisar manyan malaman Saudiyya a shekarar 1397 bayan hijira ta bambanta inshorar kasuwanci da ta taimakon juna, ta halatta ta biyun, shi ya sa dokar ƙasar take ɗauke da wannan suna. Ta biyu, ko haraji yana sauke zakka. Mafi yawan malamai sun ce a'a, don zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba. A Saudiyya hukumar zakka da haraji da kwastan tana karɓar zakka daga kamfanonin 'yan ƙasa, da harajin kashi 20 daga ribar kamfanonin baƙi, amma ba ta bin ma'aikaci. Wanda ajiyarsa ta kai nisabi ta shekara, shi zai fitar da kansa.

To, ina yaro zai nufa? Ra'ayina shi ne ya danganta da wane yaro. Saurayi mai lafiya, mara iyali, wanda ya samu kamfani na gaskiya kuma ya yanke wa kansa shekara huɗu ko biyar, lissafin Riyad yana iya fi masa, da sharaɗin ya ɗauki harajin da ba a cire masa ba a matsayin bashi a kansa. Wato duk wata ya ware kashi 15 ko 20 ya ajiye inda hannunsa da na dangi ba sa kaiwa da sauƙi, don shi ne asibitinsa da fanshonsa. Akasari ba a yin haka, kuɗin yakan tafi a biki da suna da gini da ba a rufa ba. Mutumin da ya haura arba'in, ko mai iyali, ko wanda ciwon suga ko hawan jini ke bin gidansu, ƙasar da ke cire masa da yawa ta riƙe shi in ya faɗi ta fi masa, in har da takarda zai shiga. Ba takarda kuwa, ko Riyad ko Hambug, duk wannan lissafin bai shafe shi ba.

Kafin a sa hannu, dattijon gida ya sa a karanta masa kwantiragin a gabansa. A ji nawa ne gundarin albashi ban da alawus na gida da mota, a ji sana'ar da za a rubuta a iƙama, ta kamfani ce ko ta aikin gida, a ji ajin inshora da ko ta haɗa da iyali. In dillali ya ce sai an isa can za a gani, a dakata. Wanda ya taɓa aikin albashi a Gana kada ya yar da lambarsa ta SSNIT, watannin da ya tara suna nan, kuma wata 180 ake buƙata kafin a samu fansho a shekara 60. Ya je ofishinsu kafin tafiya ya tambayi yadda zai ci gaba da zubawa.

Katin NHIS kuma, nasa da na iyayen da ya bari, kada a bari ya mutu. Tun ƙarshen 2018 ana sabunta shi ta waya, a danna *929# a biya da kuɗin waya, ƙane ko ƙanwa a gida za su iya yi masa. In kati ya wuce wata uku a mace, bayan an sabunta sai an jira wata ɗaya kafin ya fara aiki. Wanda aka buga wa bizar fita yana da kwana 60, saboda haka a ranar da ya kira gida ya faɗa, a ranar za a sabunta.